Cocin Yahaya Mai Baftisma na Valletta: Kagara a Waje, Zinariya a Ciki

Malta tsibirai ce ƙanana a tsakiyar tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili, kuma faɗin ƙasar baki ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 316 ba. Babban birninta, Valletta, yana kan wani siririn tudu da ya kutsa cikin teku tsakanin tashoshin jiragen ruwa biyu, kuma a tsakiyarsa ne cocin Yahaya Mai Baftisma yake, ginin da masana suke sanyawa cikin manyan misalan salon Barok, wato salon gini da zane mai yawan ado, a Turai. Abubuwa biyu ne suke ɗaure wa mai nazarin wannan gini kai. Na farko, wajensa da cikinsa sun saɓa wa juna ƙwarai, domin wanda ya tsaya a bakin titi bango mai kauri kawai zai gani, mara ado, alhali da ya sa ƙafa ciki ba zai sami taki ɗaya na bango ko rufi ko daɓe da aka bari haka nan ba. Na biyu, ko da yake a yau babban coci ne da bishop yake da kujera a cikinsa, waɗanda suka gina shi ba domin bishop suka gina shi ba, hasali ma sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna tsare shi daga ikonsa. Amsar duka biyun tana cikin tarihin ƙungiyar da ta mallaki tsibirin, wato Baraden Yahaya, waɗanda duniya ta fi sani da Baraden Malta.

Asalin ƙungiyar asibiti ne. A ƙarni na 11 fatake daga garin Amalfi na Italiya suka kafa gidan jinya a birnin Ƙudus domin masu ziyarar ibada, kuma a shekarar 1113 Fafaroma Paschal na II ya amince da masu hidimar gidan a matsayin ƙungiyar addini mai cin gashin kanta, wadda ba ta amsa umarnin kowa sai na Fafaroma. Wannan gata na 1113 shi ne tushen duk jayayyar da ta biyo baya tsakaninsu da bishop-bishop. A zamanin yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi da Musulmi a kan ƙasar Sham, masu jinyar suka ɗauki makami, suka zama rundunar barade masu alwashi uku: talauci, ƙin aure, da biyayya. Da garin Akka ya faɗi a 1291 suka koma Kubrus, daga nan suka kame tsibirin Rhodes, inda suka zauna fiye da ƙarni biyu har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya fitar da su a ƙarshen 1522. Bayan shekaru suna gararamba, Sarki Charles na V ya ba su Malta da Gozo da kuma birnin Tarabulus a 1530, a kan harajin shaho ɗaya a kowace shekara. Tarabulus ɗin nan ita ce dai wadda ayarin fataken Kano da Borno suke dosa ta hamada, kuma barade ba su daɗe da ita ba, domin Turkawa sun karɓe ta a 1551.

Wanda ake sa wa cocin suna, Yahaya Mai Baftisma, shi ne wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, kuma shi ne majiɓincin ƙungiyar tun daga Ƙudus. 

Abin da ya haifi birnin Valletta shi ne ƙawanyar 1565. A watan Mayu na wannan shekara rundunar Turkawa ta sauka Malta, aka yi kusan wata huɗu ana gwabzawa, kagarar St Elmo da ke bakin tudun ta faɗi a ranar 23 ga Yuni bayan kusan dukkan masu tsaronta sun mutu, kuma a wannan fafatawa ne shahararren jagoran yaƙin ruwa na Turkawa, Dragut, ya rasa ransa. Da taimako ya iso daga Sisili a watan Satumba, Turkawa suka janye. Shugaban barade na lokacin, Jean de Valette, ya ga da idonsa cewa duk wanda ya riƙe wannan tudu ya riƙe tashoshin biyu, saboda haka a ranar 28 ga Maris, 1566, ya aza harsashin sabon birni a kansa. Injiniyan soja Francesco Laparelli, wanda aka aiko daga Roma, shi ya zana ganuwa da tituna miƙaƙƙu masu gittawa juna, kuma da ya bar tsibirin mataimakinsa ɗan ƙasa, Girolamo Cassar, ya gaji aikin. Ƙungiyar ta taso daga tsohon mazauninta na Birgu ta tare a sabon birnin a 1571, shekara uku bayan rasuwar de Valette.

Shugaba Jean de la Cassière, wanda aka zaɓa a 1572, shi ya ba da umarnin gina cocin, shi kuma ya biya kuɗin daga aljihunsa. Ginin ya kammala a 1577, aka keɓe shi domin ibada a ranar 20 ga Fabrairu, 1578, kuma Akbishop na Monreale da ke Sisili ne ya zo ya yi keɓewar. Cassar, wanda ya zana shi, injiniyan yaƙi ne kafin ya zama mai zanen gidaje, ya kuma yi aikin gyaran ganuwa ana ruwan harsashi a 1565. Wannan horo ya fito ƙarara a fuskar ginin: shimfiɗaɗɗen bango na dutse mai launin zuma, hasumiyar ƙararrawa ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙofa ɗaya babba a tsakiya da ginshiƙai biyu marasa ado a gefenta, da baranda a samanta inda ake fitowa a sanar wa jama'a sunan sabon shugaba idan an yi zaɓe. A hasumiyar dama akwai fuskokin agogo uku, ɗaya na sa'a, ɗaya na kwanan wata, ɗaya na ranar mako. An sha sukar wannan fuska da cewa ta yi nauyi, ta yi faɗi fiye da tsayinta, kuma ba ta da armashi. A ganina sukar ba ta yi wa Cassar adalci ba, domin mutanen da ya yi wa aiki shekara goma kacal ke nan da binne ɗaruruwan 'yan'uwansu, suna kuma sa ran rundunar Turkawa za ta dawo kowace bazara. Gini ne na mutanen da suke kwana da shirin yaƙi, kuma ya faɗi gaskiyar halin da suke ciki.

Tsarin ciki ma mai sauƙi ne. Dogon zaure ne guda ɗaya, tsawonsa kimanin mita 53, faɗinsa kimanin mita 15, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa da zai tare wa mutum gani, kuma an rufe shi da rufin dutse mai lanƙwasa, wanda manyan bakuna suka raba shi kashi shida, kamar yadda bakan gizo yake raba rufin soro. Irin wannan rufi yana tura bango waje da nauyinsa, don haka sai an tokare shi. Cassar ya warware matsalar da katangu masu kauri da suke fita daga jikin zauren ta dama da hagu, kuma sararin da ya rage tsakanin kowace katanga da 'yar'uwarta shi ya zama ƙaramin ɗakin ibada. Wato ɗakunan da ake sha'awa a yau tokara ce tun asali. Kusan shekara tamanin ginin ya yi a haka, farin dutse tsirara, da ɗan haske yana shigowa ta ƙananan tagogi masu siffar ƙwai a gindin rufin.

Sauyin ya zo ne bayan 1660, a zamanin 'yan'uwa biyu daga tsibirin Mayorka da suka yi shugabanci ɗaya bayan ɗaya, Raphael Cotoner da Nicolas Cotoner. A lokacin salon Barok ya mamaye Roma, salon da cocin Katolika ya rungume domin ya kama zuciyar mai ibada ta hanyar ido: motsi, haske da inuwa, zinariya, da zanen da yake sa rufi ya zama kamar sararin sama. Baraden ƙarni na 17 'ya'yan manyan gidajen Turai ne da suka ga waɗannan coci-coci, kuma ba su yarda nasu ya zauna a baya ba. Mutumin da aka damƙa wa aikin shi ne Mattia Preti, mai zane daga yankin Calabria na kudancin Italiya, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne. Daga 1661 zuwa 1666 ya zana rayuwar Yahaya a rufin, kowane kashi daga cikin shidan ya raba shi uku, aka sami babi 18, tun daga busharar da aka yi wa Zakariyya har zuwa yanke kan Yahaya. Bai bi hanyar da aka saba a Italiya ta zane a kan ɗanyen shafe ba. Da fenti mai mai ya yi aiki kai tsaye a kan dutsen, domin dutsen Malta yana shan mai, yana riƙe launi. A gefen kowace taga ya zaunar da waliyyai da jaruman ƙungiyar, ya zana musu inuwa a bayansu daidai da inda hasken tagar yake faɗuwa, har mai kallo daga ƙasa yakan ɗauka gumaka ne aka sassaƙa. Preti ya ƙare rayuwarsa a Malta, ya rasu a 1699, kuma a cikin cocin aka binne shi.

Shi wannan dutse ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba don shi ba da cikin cocin bai zama yadda yake ba. Dutse ne mai laushi, wanda ake iya yankawa da zarto idan an haƙo shi sabo, ya kuma yi tauri bayan ya sha iska. Saboda haka masassaƙan Malta ba su kawo ado daga wani wuri sun manna ba. A jikin bangon da Cassar ya gina suka tsaya suka sassaƙa ganye da furanni da mala'iku da makamai da gicciyen ƙungiyar mai tsini takwas, sannan aka bi da ruwan zinariya da launi. Wanda ya matsa kusa da ginshiƙan zai ga tambarin gidan Cotoner, wato itacen auduga, yana maimaituwa a cikin sassaƙar, domin kowane mai bayarwa yana so a san abin da ya bayar. Wannan shi ne dalilin da ya sa adon, duk da yawansa, bai yi kama da kayan aro ba: shi da bangon abu ɗaya ne.

Tambayar da ya kamata a yi a nan ita ce inda kuɗin ya fito, tun da tsibirin bai ko iya ciyar da kansa, hatsi ma daga Sisili ake kawo masa. Hanya ta farko ita ce gonaki da kadarorin da ƙungiyar ta mallaka a faɗin Turai, waɗanda masu riƙon su suke aiko da wani kaso na abin da suka samu zuwa baitulmali a Malta. Ta biyu ita ce gado: barde ba ya aure, kuma idan ya mutu kashi huɗu cikin biyar na dukiyarsa na ƙungiya ne, kashi ɗaya ne kawai yake da ikon yin wasiyya da shi. Ta uku ita ce kyautar da al'ada ta wajabta wa duk wanda aka ɗaga zuwa babban muƙami ya ba cocin. Ta huɗu kuwa, wadda ba ta da daɗin faɗa amma tilas a faɗe ta, ita ce farautar jirage a teku. Jiragen ƙungiyar da na masu zaman kansu da ta ba lasisi suna tare jiragen Musulmi, su kwashe kaya, su kama mutane, kamar yadda 'yan fashin teku na Aljiyas da Tunis da Tarabulus suke yi wa jiragen Kirista, kuma kowane ɓangare yana kiran nasa yaƙin addini. Valletta ta zama kasuwar bayi, da kurkukun bayi a cikin gari wanda har masallaci yake da shi. Waɗannan bayi su suke tuƙa jiragen yaƙi, su suke aikin gini, masu gata a cikinsu kuma 'yan'uwansu su fanshe su.

Cocin bai ɓoye wannan ba. A ɗakin ibada na barade 'yan Aragon akwai abin tunawa da Nicolas Cotoner, aikin masassaƙi Domenico Guidi: siffar shugaban tana sama a tsakiyar tutoci da makamai, a ƙasa kuwa mutum biyu ne na marmara, tsirara daga ƙugu zuwa sama, a durƙushe, nauyin duka yana kan kafaɗunsu. Ɗaya an yi masa kamannin Baturke da askakken kai, ɗayan baƙar fata ne ɗan Afirka. Gwanintar sassaƙar ba ta da makusa, jijiyoyin wuya da murɗewar baya duk sun fito, kuma wannan gwaninta ce take ƙara wa abin ciwo, domin wanda ya ba da aikin alfahari yake yi da shi. Wannan ƙungiya ɗaya ce kuma take da babban asibiti a wancan gefen garin, wanda aka fara ginawa a 1574, inda ake ciyar da majinyata a kwanonin azurfa, har shugaban da kansa yakan je ya yi musu hidima. Duk wanda yake son fahimtar barade sai ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare, kada ya bar ɗaya ya shafe ɗaya.

Ɗakunan ibadar gefe an raba su ne bisa tsarin ƙungiyar, wadda ta kasa kanta gida takwas da take kira harsuna: Provence, Auvergne, Faransa, Italiya, Aragon, Kastil tare da Fotugal, Jamus, da Ingila. Kowane harshe yana da masaukinsa a cikin gari, da ɓangaren ganuwar da yake tsaro, da muƙamin da yake riƙe, da ɗakinsa a coci. Gasa ta shiga tsakaninsu, kowa yana son nasa ya fi, kuma shugabannin baya an binne su ne a ɗakin harshensu, shi ya sa ɗakunan Aragon da Kastil suka cika da manyan abubuwan tunawa na marmara da tagulla. Harshen Ingila ya riga ya durƙushe tun lokacin da Sarki Henry na VIII ya raba gari da Roma ya ƙwace kadarorin ƙungiyar, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka farfaɗo da shi haɗe da Bavaria.

Daɓen cocin kuwa maƙabarta ce. Kimanin allunan kabari 400 ne aka jera gefe da gefe tun daga ƙofa har bagade, kowanne an haɗa shi da gutsattsarin marmara masu launi daban-daban, ja da rawaya da baƙi da kore da fari, an yanka su an ɗinke kamar ƙyalle. A kan kowane allo akwai tambarin gidan mamacin, da rubutun Latin mai ba da labarin muƙamansa da yaƙe-yaƙensa, da kuma alamomin mutuwa: ƙwarangwal riƙe da lauje, agogon yashi mai fukafukai, kan mamaci, mala'ika yana busa ƙaho. Da yawa daga cikin rubuce-rubucen suna yi wa mai wucewa magana kai tsaye, suna tuna masa cewa yadda yake taka su haka za a taka shi. A nan ne saɓanin rayuwar barade ya fi fitowa fili, domin allo ɗaya yana wa'azin ƙanƙan da kai yana kuma lissafa kakanni. Shugabannin farko, irin su L'Isle Adam da ya kawo ƙungiyar Malta, da de Valette, da La Cassière, suna kwance a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a gindin bagade.

Abu mafi daraja a ginin ya riga duk wannan ado zuwa. A farkon ƙarni na 17, zamanin shugaba Alof de Wignacourt, an ƙara wani zauren addu'a a gefen cocin, inda ake horar da sababbin shiga. A 1607 mai zane Caravaggio ya iso Malta a guje, bayan ya kashe wani mutum a Roma a 1606. Wignacourt ya karɓe shi, ya nemo masa izini daga Fafaroma, aka naɗa shi barde a watan Yuli na 1608, shi kuma ya zana wa zauren hoton yanke kan Yahaya, mai tsayin kusan mita 3.7 da faɗin mita 5.2, wanda shi ne mafi girma cikin ayyukansa. Babu mala'ika ko ɗaya a hoton, babu hasken sama. Farfajiyar kurkuku ce mai duhu. Yahaya yana kwance rub da ciki, hannuwansa a ɗaure a baya, takobi ya riga ya sare wuyan amma bai raba ba, hauni ya danƙe gashinsa da hannu ɗaya yana laluben wuƙa a bayan ƙugunsa da ɗayan domin ya ƙarasa. Mai gadin kurkuku, da makullai a rataye a ɗamararsa, yana nuna faranti da yatsa, wata budurwa ta sunkuya riƙe da farantin, wata tsohuwa ta dafe kanta da hannu biyu, fursunoni biyu kuma suna leƙe ta tagar ƙarfe. Fiye da rabin hoton bango ne kawai da duhu. A cikin jinin da yake kwarara daga wuyan ne Caravaggio ya rubuta sunansa, kuma wannan ne kaɗai aikinsa da aka sani ya sa wa hannu. Matasan da ake shirya wa alwashi a gaban wannan hoto suke zama, ana nuna musu irin mutuwar da za ta iya samunsu, ba tare da an yi mata kwalliya ba.

Caravaggio bai yi wata biyu da naɗi ba ya shiga wani faɗa da aka raunata wani babban barde, aka tsare shi a kagarar St Angelo, ya tsere zuwa Sisili, kuma a ranar 1 ga Disamba, 1608, majalisar ƙungiya ta kore shi a bayan idonsa, ta kira shi ruɓaɓɓiyar gaɓa da aka yanke. Ya rasu a 1610. Hotonsa na biyu da ke cocin, na waliyyi Jerome yana rubutu, ɓarayi sun yanke shi daga katakonsa a 1984, aka yi sa'a aka ƙwato shi bayan 'yan shekaru.

Sauran kayan sun ci gaba da taruwa har ƙarni na 18. A bayan babban bagade akwai siffar baftismar Yesu ta farar marmara, aikin Giuseppe Mazzuoli. Shugaba Ramon Perellos, wanda aka zaɓa a 1697, kyautarsa ita ce manyan darduman bango 29 da aka saƙa a Brussels da ulu da siliki, wasu bisa zanen shahararren mai zane Rubens, waɗanda aka auna su daidai da zauren domin a rataya su a manyan bukukuwa.

Yanzu ga batun bishop. A tsarin Katolika, abin da yake mai da coci babban coci shi ne kujerar bishop, ba girman gini ko kyansa ba. Kujerar bishop na Malta tana tsohon birnin Mdina, a tsakiyar tsibirin, a cocin Bulus, manzon da Littafi Mai Tsarki ya ce jirginsa ya tarwatse a gaɓar Malta. An sake gina wannan coci bayan girgizar ƙasa ta 1693. Cocin Yahaya kuwa na ƙungiya ne, yana da nasa babban limami da nasa limamai, kuma saboda gatan 1113 bishop ba shi da ta cewa a cikinsa. Tsibirin ya zamo da iko uku masu karo da juna: shugaban barade, bishop, da wakilin kotun binciken aƙida da Roma ta fara aikowa a 1574, a zamanin La Cassière ɗin nan da ya gina cocin. Shi kansa La Cassière bai tsira daga rigingimu ba, domin barade sun yi masa tawaye a 1581 suka tsare shi, ya tafi Roma, Fafaroma ya wanke shi, ya rasu a can a ƙarshen shekarar. Haka kuma 'yan Malta ba su cika samun shiga babban matakin barade ba, saboda haka cocin da hannuwansu suka gina suka sassaƙa, na baƙi masu mulki ne.

Abin da ya sauya wannan shi ne Napoleon. Juyin juya halin Faransa ya riga ya ƙwace kadarorin ƙungiyar a can a 1792, ya karya mata tattalin arziki, kuma da rundunar Faransa ta tsaya Malta a watan Yuni na 1798 a kan hanyarta ta zuwa Masar, shugaba Ferdinand von Hompesch ya miƙa wuya cikin 'yan kwanaki. Faransawa suka soke bauta, suka kuma kwashe azurfa da zinariyar cocin mai yawa. Hompesch ya fita da abubuwa masu tsarki a wurin ƙungiyar, ciki har da hoton Maryamu da suka taho da shi daga Rhodes, da hannun dama da suka yi imani na Yahaya ne, wanda Sarki Bayazid na II na Turkiyya ya ba su a 1484. Bayan sun bi ta Rasha, yau suna garin Cetinje a Montenegro. Da barade suka tafi, ƙofar ta buɗe wa bishop. 'Yan Malta sun yi wa Faransawa bore a watan Satumba na wannan shekara, kuma wawashe kayan coci na cikin abin da ya tunzura su. Faransawa suka miƙa wuya ga Birtaniya a 1800. A 1816 Fafaroma Pius na VII ya ɗaga cocin Yahaya zuwa matsayi ɗaya da na Mdina, ya zama bishop ɗaya yana da kujera a wuri biyu, kuma wannan ne matsayinsa har yau.

Ginin ya sha wuya bayan haka. A ƙarni na 19 masu ƙyamar salon Barok sun sauya fasalin ɗakin Faransa, suka rage masa ado, abin da a yau ake kallo a matsayin asara. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da jiragen Jamus da Italiya suka yi wa Valletta luguden bama-bamai, wani sashe na ginin ya lalace a 1941, amma babban zauren da rufin Preti sun tsira. Malta ta sami 'yancin kai a 1964, hukumar UNESCO ta sanya Valletta cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, kuma tun 2001 wata gidauniya ce da gwamnati da coci suka kafa tare take kula da ginin, abin da ya kawo maslaha ga daɗaɗɗiyar tambayar wanda ya gaji dukiyar barade, gwamnati ko coci.

Matsalar da gidauniyar take fama da ita yanzu ta yawan masoya ce. Kuɗin shiga da masu yawon buɗe ido suke biya shi yake ɗaukar nauyin wanke zinariya da gyaran zane da dardumai, amma ƙafafunsu suna cinye marmarar daɓen, numfashinsu yana ƙara laima, laima kuma tana fito da gishiri daga cikin dutse mai laushi har fenti ya ɓare. Shi ya sa aka shimfiɗa darduma a hanyoyin da ake bi, aka hana shiga da takalmi mai tsinin dunduniya, aka kuma killace ɗakin ƙarƙashin ƙasa domin a daidaita iskarsa. Wani shiri na haƙa gidan adana kaya a ƙarƙashin dandalin da ke gaban cocin ya gamu da adawa mai ƙarfi daga jama'a, saboda tsoron abin da haƙar za ta yi wa harsashin ginin, har aka janye shi a 2009, aka koma faɗaɗa gidan adana kayan ta gefen farfajiyar cocin. Duk da haka ana ci gaba da yin sujada a cikinsa da harshen Malta, kuma a nan ne shugabannin ƙasar suke taruwa domin addu'a a manyan ranakun ƙasa.